Gwaggo, Mai Masa Mai Wankan Gawa

Ranar da Gwaggo ta rasu, mata sun cika tsakar gidanmu na Ƙofar Wambai tun kafin hantsi, amma aka daɗe ba wadda ta tashi ta hura wuta. Kowacce ta samu gefen tabarma ta zauna, ana kuka, ana salati, ana jira. Sai daga baya na gane abin da muke jira. A unguwar nan, idan mace ta rasu, Gwaggo ce take shigowa da ƙwaryarta da ganyen magarya, ta dubi mutane ta ce, "To, kukan ya isa haka. A ɗora ruwa." Ita muke jira ta faɗa.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda kunnenta ya yi nauyi kuma tunaninta ya fara rikicewa, ta gaji da zaman ta ɗaga murya ta ce, "Wai ba a aika wa Gwaggo ba ne? Rana tana yi fa." Mata suka sunkuyar da kai. Adda, yayata, ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki.

Can sai ga Mama Nas ta shigo. Ƙawar Gwaggo ce ta shekara da shekaru, Kirista ce daga kudancin jihar nan, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Hausarta irin ta mutanen can ce, ba ruwanta da bambanta namiji da mace. Ta tsaya a bakin ɗakin, ta ɗora hannu biyu a ka, ta ce, "Ƙawata ya tafi ya bar ni. Wa zan yi faɗa da shi yanzu?" Bayanta kuma wata mata ce daga ƙauyen Zungur, ƙafarta duk jar ƙasa, ba ta gaisa da kowa ba. Ta durƙusa a gindin murhun masa ta dafa tandar da aka kife, ta yi ta kuka a nan, ta ƙi shiga ɗaki. Daga zaure ina jin wani dattijo yana gaya wa Baba cewa, "Malam, ita ta wanke uwata, ita ta wanke matata. Ban taɓa jin ko kalma ɗaya ta fita daga bakinta a kansu ba."

A ƙarshe Mama Nas ce ta share hawaye ta dube ni ta ce, "Ke, tashi. Ba ruwa ake sawa ba?" Na tashi na ɗora.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah bai ba ta haihuwa ba, da mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifinsu ta zauna a ɗakin da ke kusa da rijiya. Tun ina yaye aka ba ta ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Baba kuwa, duk da shi ne limamin masallacin unguwa, gemunsa ya yi fari, Auta take ce masa, ko a gaban waye. In ya ɓata fuska ta ce, "A bayana ka yi fitsari, yanzu kuma zan ce maka Malam?"

Masa take yi. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san ƙamshin tandarta da sassafe, da yadda take juya masa da tsinken ƙarfe ba tare da ta kalla ba, idonta yana kan layin kwanuka, ta san na kowa. Ba ta son a yi mata surutu lokacin da take zuba ƙullu. Ba ta son a ce masar wata ta fi tata laushi, in aka faɗa sai ta wuni tana mita. Idan kuma aka yi sallama aka ce an yi rasuwa a gidan wane, abin da take fara tambaya shi ne, "An ba yaran gidan abinci?" Sai ta kwashe abin da ke kan wuta ta zuba a kwano ta ce a kai musu, ta wanke hannu, ta ɗauki ƙwarya ta fita.

Akwai wata amarya da aka kawo unguwar, da ta ji cewa mai masar nan ita ce mai wankan gawa, sai ta daina aikowa. Labari ya kai kunnen Gwaggo. Ta cika kwano da kanta ta kai mata har ɗaki, ta ajiye, ta ce, "Ci, 'yar nan. Hannun da zai wanke ki ne in na fi ki daɗewa, gara ki saba da shi tun yanzu." Amaryar ta rasa ko ta yi dariya ko ta yi kuka. Ta ci. Daga baya ita ce take tankaɗe wa Gwaggo yaji.

Abin da take gani a ɗakin wanka, a can take barinsa. Ko ni da na kwana a bayanta shekaru, ban taɓa jin ta ce wance haka jikinta yake ba. In ta dawo sai ta yi wanka, ta sake zani, ta zauna tana jan carbi, shi ke nan.

Amma wata Asabar, bayan na yi aure na koma unguwar Gwallameji, na zo gaishe ta na tarar ba ta yi masa ba. Ƙullun yana nan a roba ya tashi har ya zubo. Ashe jiyan ta yi wankan gawa a wani gida, ba ta ce wane ba. Mama Nas tana zaune kusa da ita. Na gaishe su na samu wuri, sai na ji Gwaggo tana cewa a hankali:

"Ƙawa, wane irin ciwo ne yake cin mama har ya rarake ta? Ba yau na fara gani ba. Sai in kwance zani in tarar an ɗaure da tsumma, an cusa auduga, an shafa garin magani. Wata ko mijinta bai sani ba. Ta jiya kuwa goyo ta bari."

Mama Nas ta ce, "Kansa ke nan, wanda ku kuke ce wa daji. Ai ba haka yake farawa ba. Ɗan ƙullutu ne kamar gyaɗa, ba zafi ba komai. Da a lokacin za a zo asibiti, da yawa za su tashi. Amma sai ya fashe, ya fara wari, sannan a kawo mana."

Gwaggo ta ce, "Nuna mini yadda ake ji."

Suka shiga ɗaki suka saki labule. Daga ranar nan Gwaggo ta samu sabon aiki. Mace ta zo sayen masa da kanta, sai ta ce mata, "Ajiye kwanon, zo ki taya ni ɗaga wani abu a ɗaki." Suna shiga ta ce, "Ɗaga hannunki sama. Kin taɓa shafawa ki ji?" A gidan suna, a gidan biki, sai ka ga ta ja mata uku ko huɗu gefe. Wasu su yi dariya, wasu su gudu. Adda tana cikin masu gudun. Da ta ga Gwaggo ta nufo ta sai ta ce ta bar tukunya a wuta.

Matar Zungur ɗin nan ta haka suka haɗu. Shinkafar masa take kawo mata ranar kasuwa. Gwaggo ta lura tana sauke buhu da hannu ɗaya, ta ja ta ɗaki, ta ji abin da ta ji. Matar ta ce mijinta ba zai bar ta ba, kuma a garinsu an ce in ƙarfe ya taɓa daji, mutuwa ce. Gwaggo ta sa mayafi ta bi ta har Zungur. Ta samu mijin a gona, ta tsaya a kan kunyar gonar cikin rana ta ce ba za ta zauna ba, ba za ta sha ruwansa ba, sai ya amsa. Ya amsa. Aka cire maman. Duk tsawon watannin da take karɓar magani, gashinta ya zube, tana amai, a ɗakin Gwaggo ta zauna, a kan gadon da na tashi. Yau ita ke noma gyaɗarta.

Ba kowa ne abin ya yi wa daɗi ba. Wasu magidanta suka kai ƙara wajen Baba, suka ce yayarsa tana tsorata musu mata, tana sa su buɗe jiki, kuma wai tana tona asirin matattu. Ina gidan ranar da Baba ya shigo bayan la'asar, ya tsaya daga bakin ƙofarta, bai ko cire takalmi ba.

"Yaya, magana ta zo mini. An ce kina faɗin abin da kike gani a wajen wanka. Kin san hukuncin wannan."

"Sunan wa na kama, Auta?"

"Ba sai kin kama suna ba. Ki bar wa likitoci aikinsu. Mace mai shekarunki tana bin matan mutane tana lalube su, ni kuma ina gaban sahu, da wane ido zan kalli jama'a?"

Gwaggo ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Kai in an kawo maka su, an riga an naɗe, an fesa turare. Kabbara huɗu ka yi, ka shafa, ka tafi. Ni ce nake kwance tsummokaran." Ta matso kusa da shi. "Ka san abin da ya kashe Inna? Kana ƙarami, aka ce maka iska ce ta taɓa ta. Ba iska ba ce. Ni na riƙe buta da aka wanke ta, ban ko yi aure ba. Na ga ƙirjinta. Shekara nawa tana ɓoyewa, tana ba ka abinci da hannu ɗaya. Na rufe bakina tun daga ranar har tsufana, ban san abin yana da magani ba. Yanzu na sani, ka ce in ƙara rufewa?"

Baba ya juya ya fita. Ya daɗe bai shiga ɗakinta ba, gaisuwa daga nesa. Kullum da safe tana aika masa masarsa da miyar taushe, kullum kwanon yana dawowa a rufe yadda aka kai shi. Ba ta fasa aikawa ba. Ranar da kwanon ya dawo babu komai, ta leƙa ciki ta ce, "Yunwa ta yi sulhu," ta ci gaba da aikinta. Ba su sake tayar da maganar ba, ita kuma ba ta daina abin da take yi ba.

Nata ciwon ta inda ba mu zata ba ya zo. Ta fara cewa cikinta yana cika da iska. In ta ci loma biyu sai ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Zaninta ya daina zagayowa yadda ya saba, alhali wuyanta da hannuwanta suna ramewa. Ta ce gyambon ciki ne, ta jiƙa kanwa, ta sayi maganin da ake sayarwa a kemis. In na ce mu je asibiti sai ta dafa ƙirji ta ce, "Uwata, kullum sai na shafa. Ba komai, lafiya lau." Mu ma muka yarda, don duk hankalinmu a kan mama yake. Mama Nas ta yi tafiya garinsu a lokacin. Da ta dawo ta ga cikin Gwaggo, ko zama ba ta yi ba, ta fita ta tsayar da keke.

Aka yi hoton ciki, aka ɗebi jini, aka yi ta kai da kawo. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta zaunar da mu ta ce kansa ce ta ƙwan mahaifa, kuma ta riga ta bazu. Ta ce irin wannan ba a jin ta da hannu, ba ta da gwajin da ke kama ta da wuri cikin sauƙi, sai dai a kula da alamunta: kumburin ciki da ya ƙi sauka, saurin ƙoshi, yawan fitsari, ciwon mara da ya daɗe. Ni kuka nake yi. Gwaggo kuwa ta gyara zama ta ce, "Ikon Allah. Ina tsaye a ƙofar gida ina gadi, ashe ta baya ya hauro." Sannan ta tambaya, "Likita, uwata ta mama ce ta kashe ta. Akwai dangantaka?"

Likitar ta ce akwai gidajen da cututtukan biyu suke bin jini, kuma ya kamata 'ya'ya mata na gidan su riƙa zuwa ana duba su.

"Kin ji, Uwata," in ji Gwaggo. "Ki gaya wa Addarki mai tukunya a wuta."

An yi mata aiki, an fara magani, amma jikin bai ɗauka ba. Watannin ƙarshe a ɗakinta ta yi su. Baba ya koma yin karatunsa na safe a bakin gadonta. Wata rana na shigo na tarar yana ba ta kunu a cokali, yana hura mata, ita kuma tana ce masa, "A hankali, Auta, ba jariri kake ba wa ba." Ta koya mini da Adda yadda ake wanka, daki-daki, tana kwance tana nunawa da yatsa: inda ake farawa, yadda ake rufe jiki da zani kada ya yaye, lokacin da ake sa kafur. Ta kama hannun Adda ta ce, "Ki yi mini alkawari za ki je." Adda ta ce to. Da ta rasu, mu biyu muka wanke ta, da wata dattijuwa da suka daɗe suna aikin tare.

Da arba'in ta matso, dangi suka zauna a kan sadaka. Wasu suka ce a yanka sa, a dafa shinkafa, a buga hotonta a raba. Ni da Mama Nas mun riga mun yi magana, amma ina tsoron faɗa a gaban manya. Na daure na ce, da za a rage girkin, a buɗe asusu da sunan Gwaggo, don matan da ke jin abu a jikinsu amma kuɗin mota da na gwaji ya hana su zuwa asibiti. Wata gwaggonmu ta nesa ta ce ba a taɓa yi ba, za a ce mun yi wa mamaciya rowa. Aka fara hayaniya. Baba yana gefe kansa a ƙasa. Ya ɗago ya ce, "A dafa abin da maƙwabta za su ci. Sauran a yi yadda yarinyar nan ta ce."

Ranar addu'ar, bayan an shafa, maza sun fara neman takalma, sai daga cikin gida muka ji Baba a zaure ya ce a ɗan dakata. Mata muka matso bayan zaure muka kasa kunne. Ya yi gyaran murya ya fi sau nawa.

"Jama'a, Yaya ta rasu da ciwon daji na ciki. Mahaifiyarmu kuma, Allah ya jiƙanta, ta rasu da ciwon daji na..." Ya tsaya. "Na mama. Na nono. Ban taɓa faɗa ba sai yau. Wasunku sun kawo mini ƙarar Yaya, ni kuma na je na yi mata faɗa. Ina roƙonku, wanda matarsa ko 'yarsa ta ce tana jin wani abu a jikinta, ya kai ta a duba. Neman magani ba rashin tawakkali ba ne. Ga hulata nan, wanda Allah ya hore wa ya sa."

Ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a gaban jama'a ba. Hular ta zagaya zaure, ta fita waje wajen masu zaune a kan benci, ta dawo. A cikin gida matar Zungur ta kwance bakin zaninta ta fara saka kuɗi a faifai, sauran suka bi.

Haka asusun ya fara, kuma ba wani babban abu ba ne. Ba mu da ofis. Duk Juma'a mata suna haɗuwa a gidan, a kunna murhun Gwaggo, a yi masa a sayar, ribar ta shiga asusu. Masar ba ta kai tata ba, masu saye ma suna faɗa, amma suna saye. Matan cocin su Mama Nas suna aiko da tasu gudummawar. Bayan an kwashe tanda sai a saki labulen ɗakin, Mama Nas ta koya wa mata yadda ake shafawa, ta kuma yi musu bayanin alamun ciki, don kada a sake yin irin namu. Wadda aka ji wani abu a jikinta, a samu mai raka ta, a biya mata mota da gwaji. Wasu an tarar ba komai. Wasu an tarar. Akwai wadda muka makara, muka raka ta har ƙarshe. Wanda ya karanta wannan yake son ya taimaka, ba sai ya nemo mu ba. A gidansu ko a unguwarsu akwai mace da ke ɗauke da abu a jikinta ta rasa wa za ta gaya wa. Ya fara da ita.

Adda ce ta fi ba mu wahala. Ita ce kan gaba wajen markaɗe da wanke-wanke, amma da an saki labule sai a neme ta a rasa. Na yi lallashi, na yi fushi. Sai wata safiya ta zo gidana a Gwallameji ba ta ko yi waya ba, ta zauna a bakin kujera da mayafinta, ta ce, "Tun Gwaggo tana kwance nake jin shi. A hagu. Lokacin da ta kama hannuna ma yana nan." Ta fashe da kuka. "Ina tsoro. Yarana ƙanana ne."

Muka tafi a ranar. Kansa ce, amma likitar ta ce ƙarama ce, ba ta je ko'ina ba. Aka sa ranar aiki, aka cire ƙullutun. Da sakamakon ƙarshe ya fito, likitar ta yi murmushi ta ce an samu abin da wuri, za a ci gaba da magani, kuma tana da kyakkyawan zato.

Na bar Adda da mijinta a asibiti, na fito bakin titi na tsayar da keke. Gida zan koma, yara sun kusa tasowa daga makaranta. Amma da mai keken ya ce, "Hajiya, ina muka nufa?" sai na ji bakina ya ce Ƙofar Wambai. Duk hanya ina shirya yadda zan ba da labarin, inda zan fara, abin da likita ta ce, yadda Adda ta riƙe hannuna. Na sauka da sauri, na wuce zaure, na wuce rijiya, na ɗaga labule na ce, "Salamu alaikum, Gwaggo, albishirinki."

Gadon yana nan a gyare. Na tsaya riƙe da labulen.

Daga bayana Baba ya amsa sallamar. Ya biyo ni da carbinsa a hannu. Ya dube ni, ya dubi ɗakin, bai tambaye ni abin da ya kawo ni nan ba.

"Yaya jikin Addar taki?"

"An kama shi da wuri, Baba. Likita ta ce za ta tashi, in Allah ya yarda."

Ya yi hamdala a hankali. Ya shiga ya zauna a bakin gadon, ya nuna mini tabarma. "Zauna, Uwata," in ji shi, shi da bai taɓa kirana haka ba. "Ba ni labarin tun daga farko, yadda kika yi niyyar ba ta."

Na zauna na ba shi.

Allah ka jiƙan Gwaggo, ka yalwata mata makwanci. Ka suturta ta kamar yadda ta suturta matan unguwar nan, ka kuma ba masu jinya lafiya.